Fis ɗin inbata ya ƙone: yadda za ka gano dalili kafin ka sa sabo

Akwai wani mai shagon lemo da ruwan sanyi a unguwarmu da inbatarsa ta mutu sau uku cikin mako biyu. Batura cike, rana na dukan farantin sola, amma inbata ko ƙyaftawa ba ta yi. Sau biyun farko yaron shagon ne ya je kasuwa ya sayo fis ya sa, wuta ta dawo, bayan 'yan kwanaki ta sake ɗaukewa. A na ukun aka kira ni. Ina kafe babur mai shagon ya tare ni: "Injiniya, don Allah ka ɗaure mini wurin nan da waya mu huta. Ɗan abin nan ya ishe ni." Na ce, "Alhaji, in na ɗaure da waya, ranar da abin ya sake faruwa ba fis za ka saya ba, shago za ka sake ginawa."

Fis ɗan siririn ƙarfe ne da aka yi shi da gangan ya fi komai rauni a layin. In wutar da ke bi ta cikinsa ta wuce ƙima sai ya yi zafi ya narke, hanya ta yanke. Babban fis ɗin nan na bakin batir kuwa, kebul yake gadi kafin inbata. Batirin tubula guda mai 200Ah, in kawunansa biyu suka haɗu kai tsaye, yana iya turo amfiya (ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya) sama da dubu nan take, abin da ya isa ya mayar da kebul ja jawur, robar jikinsa ta kama da wuta. Saboda haka in fis ya tsinke, aikinsa ya yi. Ruwa ba ya tsami banza, kuma wanda ya sa sabon fis bai nemo dalili ba ya kashe maciji ne bai sare kansa ba.

Kafin ka taɓa komai

Cire zobe, agogon ƙarfe da sarƙa. Bolt 12 ko 24 ba zai ja ka ba, gaskiya ne, amma zoben azurfa da ya haɗa kan batir da ƙarfen teburinsa zai yi ja a yatsanka kafin ka ce wayyo. Naɗe jikin sifanarka da salatif, ka bar bakinta kawai. In baturan masu ruwa ne, buɗe ƙofa da taga, kada kowa ya kunna sigari ko ashana, domin suna fitar da iskar haidurojin lokacin caji, tartsatsi ɗaya ya ishe ta. In kana da tabarau ka sa.

Kashewa kuma da tsarinta. Fara da kayan da ke cin wuta a gida, sannan makunnin inbata, sannan wutar NEPA ko ta janareta da ke shiga cikinta. Daga nan ka yanke farantan sola daga kwantirola, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, ko daga inbatar, sai a ƙarshe ka zo kan batir, ka fara kwance baƙar waya. Dalilin gabatar da faranti shi ne, kwantirola da yawa suna lalacewa in aka zare musu batir alhali rana na turo wuta. In kuma inbatarka irin ta zamani ce da faranti ke shiga cikinta kai tsaye, layin farantin yana iya kai bolt 300 zuwa 450. Wannan yana kisa. Kashe birekarsa, kada ka zare wayarsa da hannu ana cikin caji.

Mataki na ɗaya: ka tabbata fis ɗin ne

Ido yana ruɗi a nan. Wani fis ɗin a rufe yake ruf, wani kuma yakan tsage ta gefen da ba a gani. Kana buƙatar mitar gwajin wuta, wadda masu gyara ke kira maltimita. Ko 'yar mai arahar ta wadatar.

Wannan gwajin ana yin sa ne kafin a kwance batir, bayan an kashe sauran abubuwan. Juya mitar zuwa harafin V mai miƙaƙƙen layi a kansa, ka zaɓi 200 in mitar ta zaɓi ce. Ɗora baƙin tsinke a kan batir na baƙar waya, jan tsinke a ɗaya kan. Batir mai ruwa na bolt 12 da ya cika ya huta yana nuna 12.6 zuwa 12.8, in biyu ne a jere, ninka. Yanzu bar baƙin tsinken inda yake, ka kai jan bakin fis ta ɓangaren batir, sannan ta ɓangaren inbata. In gefen batir ya nuna wuta, ɗaya gefen ya nuna sifili, fis ya tafi.

Akwai tarko ɗaya. Kafasitocin cikin inbata suna riƙe wuta na ɗan lokaci, sai mita ta nuna maka bolt a bayan fis ɗin da ya riga ya mutu. Maganinsa: danna makunnin inbata ka bar shi a kunne na 'yan daƙiƙoƙi su zubar da abin da suka riƙe, ka sake gwadawa, sannan ka kashe.

In kuwa kan batirin da kansa ne ya nuna sifili ko wata 'yar lamba maras kan gado, kuma batirin litiyom ne, to mai yiwuwa fis lafiyarsa ƙalau. Litiyom yana da mai gadinsa a ciki, BMS, wanda ke rufe ƙofa in an ja wuta fiye da ƙima ko caji ya yi ƙasa sosai. Yawanci kashe batirin a kunna, ko ba shi caji, yana tashe shi. Na ga wanda ya canja fis har biyu a kan wannan.

Bayan ka kwance batir, ciro fis ɗin gaba ɗaya ka gwada shi a hannu. Juya mita zuwa wurin da take kuka in an haɗa tsinkayenta, ka taɓa bakunan fis biyu. Mai rai zai sa ta kuka, matacce shiru. Kada ka yi wannan gwajin fis na ɗaure a wurinsa, don wuta na iya zagayawa ta wata hanya mita ta yi maka ƙarya.

Ƙananan inbatoci na wat 500 zuwa 1,500 sau da yawa nasu fis ɗin a ciki yake, irin na mota mai ƙafa biyu, guda uku ko huɗu ko fiye a jere suna raba kaya. Kore amfiya 30 ne, ruwan goro 40. In ɗaya ya tsinke, kayansa kan koma kan 'yan'uwansa, su ma su bi shi. Kafin ka buɗe murfi ka jira minti goma bayan cire batir, domin a cikin irin waɗannan inbatocin marasa nauyi akwai kafasitar da ke riƙe sama da bolt 300.

Mataki na biyu: dubi gawar

Kada ka jefar da mataccen fis. Kai shi haske ka ƙare masa kallo.

In tsakiyar ƙarfen ce ta narke ta rabu a tsabtace, babu baƙi sosai, wuta ce ta ɗan wuce ƙima ta daɗe tana dafa shi. Lodi ya yi yawa ke nan, ko fis ɗin ya yi ƙanƙanta. In cikin ya yi baƙi ƙirin, ƙarfen ya tarwatse ya fantsama a jikin tagar, wannan wuta ce mai yawan gaske ta zo lokaci guda: jar waya da baƙa sun haɗu a wani wuri, ko inbatar ta ƙone a ciki. In kuma bakin fis ɗin ne wajen noti ya canja launi, robar mazauninsa ta narke ko ta yi laushi, gefe ɗaya ya fi ɗaya ƙonewa, to zafin daga mahaɗa ya taso. Wannan na ukun shi na fi cin karo da shi, kuma shi aka fi yi wa mummunar fahimta.

Mataki na uku: yaushe ya ƙone?

Wannan tambayar ta fi mita amfani. Zauna ka tuna, ko ka tambayi wanda yake wurin, me ake yi a daidai lokacin da wuta ta ɗauke. Yara da matan gida sun fi maigida sanin amsar, sai dai a tambaye su cikin lalama, don kowa na tsoron a ce shi ya jona dutsen guga.

In ya ƙone ne a lokacin da ake haɗa batir, abu biyu ne. Na farko juya kai, wato jar waya ta tafi gurbin baƙa. Yakan faru bayan an sauke batura an ƙara musu ruwa, ko an canja sababbi da daddare da fitilar waya. Kada ka yarda da launin kebul kawai, duba alamar + da − a jikin batir da jikin inbata, ka tabbatar da mita: in ta nuna lamba da ɗan layi a gabanta, a juye kake. In an yi sa'a fis kaɗai ke tafiya, in ba a yi ba har da kayan ciki. Na biyu shi ne yunwar kafasita. Manyan kafasitocin inbata in babu komai a cikinsu, suna zuƙar wuta kamar rijiya a daƙiƙar farko, shi ne tartsatsin nan mai ƙara "ɗas" da ake ji. Da batir mai ruwa yawanci fis na jurewa. Da litiyom na bolt 48 kuwa, wanda ke sakin wuta ba ja-in-ja, fis na iya tsinkewa ko BMS ta rufe. Maganin yana ƙasa, wajen gwajin ƙwan mota. Haka kuma in ka haɗa batura biyu kai da kai, ɗaya cike ɗaya fanko, mai cikin zai kwarara cikin fankon da ƙarfi ya cinye fis ɗin da ke tsakaninsu. Caja kowanne daban har su yi daidai kafin a haɗa.

In ya ƙone da zarar an danna makunnin inbata, babu komai a jone, to zargi ya koma cikin inbatar. Akwai wasu ƙananan abubuwa baƙaƙe masu ƙafa uku da ke jere a jikin ƙarfen sanyaya, MOSFET, su ke yanka wutar batir su mayar da ita irin ta gida. In suka mutu, yawanci a haɗe suke mutuwa, su zama kamar waya tsakanin ja da baƙi. Duk fis ɗin da ka sa, ko na nawa ne, zai tafi.

In ya ƙone ne lokacin da wani abu ya tashi, firiza ta yi "gurr", ko an kunna injin jan ruwa na rijiyar burtsatse, to yunƙurin tashi ne. Duk abin da ke da mota a ciki yana jan ninki uku zuwa bakwai na wutar da yake ci in ya daidaita, na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Fis ba ya tsinkewa a kan daidai lambar da aka rubuta masa, yana jure ƙari na ɗan lokaci, amma dukan yau da gobe yana gajiyar da ƙarfen har wata rana ya rabu a kan lodin da ya saba ɗauka. Abin da ya fi muni shi ne firizar da aka kashe aka sake kunnawa nan take. Kwamfuresa, wato injin firizar, na fama da matsin da bai sauka ba, sai ta ja wuta mai yawa ta kasa tashi. A ba ta minti biyar. Dutsen guga, hita da butar lantarki su kuma ba yunƙuri suke yi ba, cin su ne da yawa, wat 1,000 zuwa 2,000 kowanne. Ƙaramar inbata ba ta da abin ba su.

In sai an yi awa ɗaya ko biyu ana aiki lafiya sannan ya tafi, musamman can cikin dare, nan akwai lissafi. Inbata wat take bayarwa, kuma wat shi ne bolt sau amfiya. Yayin da batir ke sauka, bolt na raguwa, sai inbata ta ƙara jan amfiya don ta cike gibin. Lodin da ke jan amfiya 90 da magariba yana iya kai 110 kafin asuba, alhali ba a ƙara ko ƙwai ɗaya ba. Fis ɗin da aka yanka daidai wa daida da magariba ba zai kwana ba. Tsofaffin batura sun fi jawo wannan, don da an ɗora musu kaya bolt ɗinsu ke faɗuwa. Ga kuma zafin gari. Lambar da ke jikin fis an auna ta ne a yanayi mai sanyin kusan digiri 25. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, inda inuwa ma ke haura 40, ɗan ɗakin batir mai rufin kwano da babu taga ya fi haka nesa ba kusa ba. Fis ɗin da ya fara aiki da zafi a jikinsa ba ya buƙatar ƙari mai yawa kafin ya narke.

A nan ne matsalar shagon Alhaji ta faɗo. Da na ɗauki fis ɗin, tsakiyarsa ta rabu, amma bakinsa ɗaya ya yi shuɗi-shuɗi, robar ƙarƙashinsa ta lotsa. Na kwance notin, sai ga washa a zaune tsakanin fis da bakin kebul. Wanda ya fara ɗaurawa ya sa ta a ƙasa maimakon a sama, yaron shago kuma duk canji yana mayar da ita yadda ya same ta. Wutar gaba ɗaya ta cikin wannan 'yar washar ƙarfe take bi, ita kuwa ba ta kai jan ƙarfe iya ɗaukar wuta ba. Dubi lissafin: in mahaɗa ta tare wuta da abin da bai wuce om 0.005 ba (om shi ne ma'aunin tare wuta), kuma amfiya 100 na wucewa, zafin da ke taruwa a wurin wat 50 ne. Kwatankwacin ƙarfen da masu gyaran rediyo ke narka dalma da shi ke nan, a manne da fis awa da awanni. Lodin shagon bai taɓa wuce ƙima ba. Na nuna wa Alhaji washar a tafin hannuna, ya juya ta ya ce, "Yanzu wannan ce ta narkar mini da ƙanƙara sau uku?" Noti maras ɗauri, bakin kebul da aka bubbuga da guduma maimakon a matse shi da abin matsewa, da farin gari ko koren tsatsa a kan batir, duk aiki ɗaya suke yi da washar nan.

In da dawowar wutar NEPA ko tayar da janareta ya ƙone, dubi canjoba da yadda aka yi wayarin. Wutar da inbata ke fitarwa bai kamata ta yi karo da wata wuta ba ko na ƙiftawar ido. In suka yi karo, MOSFET ne ke fara mutuwa, fis ya biyo baya. Masu jona inbata a soket ɗin bango da waya mai filogi biyu su suka fi faɗawa wannan rami, ranar da aka manta ba a sauke babban makunni ba. Wannan aikin mai wayarin ne, kuma sai an gyara shi kafin a mayar da inbata, ko da sabuwa ce.

In da tsakar rana ne, kuma fis ɗin tsakanin kwantirola da batir ne, caji ya fi ƙarfinsa. Kwantirola mai amfiya 60 tana son fis na 75 ko 80. Yakan faru bayan an ƙara faranti an manta da fis.

In kuma babu wani tsari, yau da safe, jibi da dare, nemi inda kebul ya goge. Bi shi da hannu da fitila tun daga batir har inbata, musamman inda ya ratsa gefen ƙarfen teburin batura ko ramin bango. Ɓera na son robar waya. Tsaka da kyankyaso na son ɗumin cikin inbata, kuma na sha buɗe murfi in tarar da tsaka a soye a kan allo. Ƙurar hunturu da ta taru ta sha laimar damina ita ma tana haɗa abin da bai kamata ya haɗu ba.

Mataki na huɗu: raba kebul da inbata, ka gwada kowanne

Batir a kwance, fis a cire. Kwance jan kebul da baƙi daga bayan inbata. Da mita a wurin kuka, taɓa jan kebul da baƙi, sannan jan kebul da ƙarfen teburin. Shiru ake so. In ta yi kuka, laifin na kebul ne, ka huta da zargin inbata.

Sai inbatar ita kaɗai. Juya mita zuwa om, ka ɗora tsinkaye a kawunanta biyu na shigar batir. Mai lafiya za ta fara da ƙaramar lamba, lambar ta riƙa hawa, domin mitar na cika kafasitoci a hankali. In lambar ta tsaya a sifili ko kusa da shi ta ƙi motsi, ka juya tsinkayen ma haka, an samu haɗewa a ciki.

Gwajin da na fi yarda da shi ma ba ya buƙatar mita, ƙwan mota kawai yake so, irin mai zare a ciki na fitilar birki, mai wat 21. Na bolt 12 ga tsarin 12, na babbar mota mai bolt 24 ga tsarin 24, biyu na 24 a jere ga tsarin 48. Mayar da kebul duka, inbata a kashe, amma a gurbin fis ka riƙa ƙwan da 'yan wayoyi biyu, ɗaya a kowane noti. In lafiya, ƙwan zai haska sannan ya dushe cikin 'yan daƙiƙoƙi har ya mutu, alamar kafasitoci sun ƙoshi. In ya haska ya tsaya da haskensa, wuta na zurarewa ta wani wuri, kuma ka gano haka ba tare da ka ƙona fis ko ɗaya ba, domin ƙwan ba ya barin abin da ya wuce amfiya biyu ya wuce. Wannan dabarar ita ce kuma maganin tartsatsin haɗa batir: bar ƙwan ya dushe tukuna, sannan ka rufe layin nan da nan kafin kafasitocin su zube. Masu aikin litiyom suna amfani da resista mai om 25 zuwa 50 don wannan, aikin ɗaya ne.

In gwaji ya nuna cikin inbata ne, tsaya nan. Canja MOSFET aikin mai gyara ne, kuma nagari ba ya canja wanda ya fashe kaɗai, yana duba duk layin da abin da ke tuƙa su. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Mataki na biyar: girman da ya dace

Ɗauki wat ɗin inbata. In kVA aka rubuta, duba takardar jikinta. A yawancin masu nauyin nan na taransifoma, 1.5kVA wat 1,200 ne, wato kashi 80 cikin 100. Raba wat da mafi ƙarancin bolt da batir ke sauka kafin inbata ta kashe kanta, ka ƙara kusan kashi 15 cikin 100 na abin da inbatar ke ɓatarwa a zafi, sannan ka ƙara rubu'i a kai don fis ya samu wurin numfashi.

Misali, inbata mai wat 1,000 a kan bolt 12. Tana kashe kanta wajen 10.5. Raba 1,000 da 10.5, ka samu 95. Da asarar zafi ya kai kusan 110. Ƙara rubu'i, 137. Fis na kusa a sama shi ne 150. Inbatar nan ɗaya in ta bolt 24 ce, rabin haka take ja, fis na 70 ko 80 ya ishe ta. Shi ya sa duk wanda lodinsa ya fara girma ake ba shi shawarar barin 12.

Amma lambar da ka samu sai kebul ya amince da ita. Fis na 150 yana son kebul na jan ƙarfe mai lamba 35mm², gajere. Na 80 yana tafiya da 16mm². In kebul ɗinka 16mm² ne ka ɗora masa fis na 150, kebul ɗin ne ya zama fis. Wanda lissafi ya nuna masa fis ɗinsa ya yi ƙanƙanta, sai ya duba kebul kafin ya ƙara. Ka kuma kankare bakin kebul ɗin da wuƙa: in ja ne a sama fari a ciki, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, kuma ba ya ɗaukar abin da na gaske ke ɗauka. Kasuwa cike take da shi, ana gane shi da rashin nauyi. In littafin inbatarka ya faɗi girman fis da kebul, bi nasa ka bar nawa.

Ban da amfiya, akwai bolt a jikin fis, mutane ba sa dubawa. Wutar gida tana kai da komo, tana ratsa sifili sau 100 a daƙiƙa, don haka in fis ya rabu tartsatsin na mutuwa da kansa. Wutar batir hanya ɗaya take bi ba ta tsayawa, tana iya tsallake gibin ta ci gaba da ci kamar walda. Fis ɗin mota da yawancin fis irin MEGA na bolt 32 ne, sun dace da tsarin 12 da 24, ba su dace da 48 ba. Akwai MEGA na bolt 58 da aka yi don wannan. Ga babban bankin litiyom, fis irin Class T ko NH ake so, masu yashi a ciki da ke kashe tartsatsi. Class T na iya yanke amfiya 20,000. ANL mai 'yar taga shi aka fi samu, yana kuma aiki a tsarin batir mai ruwa in na kirki ne. Dalilin nan ne ya sa birekar wutar gida ba ta zama a layin batir, sai wadda aka rubuta wa DC, wato wutar batir, da bolt ɗin da ya kai naka. Fis maras suna maras bolt a jiki, mai walƙiyar ruwan zinariya da ake sayarwa don rediyon mota, ni dai ba na sa shi a gidan mutum.

Mataki na shida: mayarwa

Goge bakin kebul da mazaunin fis da 'yar sanfefa har su yi haske. In mazaunin ya narke ko ya yi baƙi, canja shi duka, don notinsa ba zai ƙara ɗauruwa daidai ba. Jerin ɗaurin: fis da bakin kebul su kwanta a kan juna, ƙarfe da ƙarfe, babu komai a tsakani, sannan washa, sannan washa mai tsaga, sannan noti. Ɗaure tamau, amma riƙe kebul ɗin da ɗaya hannun kada ya murɗe fis ya tsage shi a ciki. Fis ɗin ya zauna a jar waya kusa da batir iya yadda zai yiwu, kamar taƙi ɗaya, domin duk kebul ɗin da ke tsakanin batir da fis ba shi da mai gadi. Masu fis da yawa a cikin inbata su canja su duka tare, lamba ɗaya, ko da wasu sun nuna rai.

Haɗawa ita ce kashewa a juye: batir da farko, da ƙwan motarka don kashe tartsatsi, sannan faranti, sannan wutar NEPA. Kunna inbata babu lodi, ka ba ta minti biyu kana saurare kana sansana. Sai ka fara da ƙwai da fanka, ka ƙara talabijin, firiza a ƙarshe ita kaɗai, kana kallon allon inbata. In kana da mita mai baki kamar ƙaguwa wadda ke auna amfiyar DC, maƙala ta a jan kebul ka ga ainihin abin da ke wucewa, ka gwada da lissafinka.

Bayan rabin awa da cikakken lodi, ɗora tsinkayen mita a notin fis biyu, tana kan bolt mafi ƙanƙanta. Abin da za ta nuna kada ya wuce 0.1 da wani abin kirki. Sannan taɓa kowace mahaɗa da bayan yatsa, ta kan roba: ɗumi ba laifi, amma wadda ta fi sauran zafi, ko ta hana ka barin yatsa a kai, kashe ka sake kwance ta. Bayan mako guda ka dawo da sifana ka ƙara ɗaure notin, don jan ƙarfe yana ɗan kwantawa bayan ya sha zafi da sanyi.

In ka bi duk wannan, kebul lafiya, ƙwan mota ya dushe, lissafi daidai, mahaɗa da sanyi, amma sabon fis ya sake tafiya, kada ka sa na uku. Akwai inbatar da sai ta ɗauki zafi laifinta ke fitowa, kamar wadda fankarta ta tsaya. Sauke ta ka kai wa mai gyara, ka tafi da matattun fis ɗin biyu a aljihu, ka faɗa masa ƙarfe nawa kowanne ya ƙone da abin da ke jone a lokacin.